Laujen Yankan Kacala

Babu wanda ya lura a kasuwar Haɗejiya cewa sai Kawu Modu ya jiƙa tafinsa da ruwan buta kafin ya ɗauki kowane lauje. Shekara ashirin ke nan yana yankan kacala, ciyawar da ke toshe hanyar ruwa zuwa gonakin shinkafarsu a Kirikasamma. Gobe za a yi gayya, shi aka aiko ya zaɓo laujuna goma.

Ja'afar, shugaban ƙungiyar manoma, ya riga ya ware 'yan kamfani masu tambari da ƙota mai sheƙi.

"Kawu, mota za ta tashi fa! Waɗannan an san sunansu. So kake mu koma da na maƙeri mai kaushin ƙota a yi mana dariya?"

Modu ya san in lauje ya suɓuce a ruwa iya ƙirji, ƙafar na kusa da kai yake nema. Ya sake jiƙa hannu, ya kama ɗan kamfanin, ya kai sara ƙasa-ƙasa. Laujen ya fice, ya kafe dab da takalmin Ja'afar.

Modu ya nuna laujen.

"Malam Ja'afar, nan ka ga zuwansa. A cikin ruwa fa?"

Ja'afar ya janye ƙafarsa, ya dubi mai rumfa. "Alhaji, kawo na maƙerin."

Bayan la'asar Modu ya zauna a gindin darbejiya, yana wasa su ɗaya bayan ɗaya.