Ƙyallen da Muke Shanya Kuɓewa

A gidanmu akwai wani ƙyalle da muke shanya kuɓewa a kai. Rabinsa fari, rabinsa ruwan lemo, ga santsi, ga rashin nauyi, in ruwa ya taɓa shi nan da nan ya bushe. Maƙwabta har aro suke zuwa. Duk wadda ta tambayi inda muka samo shi, sai Inna ta ce gwanjo ne.

Ba gwanjo ba ne. Na san haka domin ni na kai wa Baba ruwan sha ranar da ya shigo da shi a cikin buhu.

Lokacin mun riga mun baro ƙauyenmu na wajen Gayam mun dawo cikin Birnin Gwari, saboda mutanen daji. Amma gona ba ta hawa babur ta biyo mutum gari. Baba yakan koma ya yi noma, ya gaishe su in sun haɗu, ya sunkuyar da kai. A daminar nan aka ce wani jirgin yaƙi ya faɗi a daji. Kowa ya ji ƙarar. Da sojoji suka zo tambaya, duk garin ya zama kurma.

Baba da abokinsa, wani dattijon Bagware Kirista da suka haɗa iyakar gona, su suka tsinci matuƙin a gindin wata bishiyar doka. Ya riga ya cika, lemar da ya diro da ita ta sarƙe a reshe. Ba su san ko Musulmi ne ko Kirista ba. Suka raba lemar biyu, suka naɗe shi da rabi, Baba ya yi masa salla, abokinsa ya yi tasa addu'ar, suka rufe shi. Ɗaya rabin Baba ya ɗauko don kada a hango shi daga nesa. Niyyarsa ya ƙona. Inna ta ce abin da zai yi amfani ba a ƙona shi. Ina tsaye da kwanon ruwa duk suka yi maganar nan, Baba ya dube ni ya ce, "Ke mai bakin nan, ba ki ji komai ba."

Ana dab da girbi matar matuƙin ta zo. Ita da wan mijinta suke bin gidajen manoman da suka baro ƙauyuka, gida gida, suna tambaya. Shi ya tsaya a zaure wajen Baba, ita aka shigo da ita. Da kaɗan ta girme ni. Takalminta duk taɓo, amma ga 'yan kunne masu kyau suna leƙowa ta gefen mayafi, ga lalle a hannu. Na ce a raina, wannan ce wadda mijinta ya ɓata?

Inna ta shimfiɗa mata tabarma, na kawo kunu. Tabarmar kuwa taku biyu ce tsakaninta da shanyar kuɓewa.

Ta ce mijinta ne ke tuƙa jirgin. Ta ce duk ofishin da suka je, maganar ɗaya ce, ana kan bincike. Ta ga ina kallon hannunta, sai ta yi ɗan murmushi.

"Lallen kike kallo, ƙanwata? Uwar mijina ce ke sa ni. Ta ce ranar da na cire 'yan kunne, na kashe mata ɗa. Duk wanda ya zo gaisuwa korarsa take yi. Ni ba matar aure ba, ni ba mai takaba ba. Inna, ba gawa nake nema ba. Wanda zai ce mini ya mutu ko bai mutu ba nake nema."

Inna ta ce, "Allah ya bayyana."

Wata kaza ta hau shanyar. Matar ta miƙa hannu ta kore ta, ta gyara bakin ƙyallen da ya naɗe, ta ɗan murza shi da yatsu.

"Yadin nan da kyau yake."

"Gwanjo ne," in ji Inna.

Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin nan ba. Ba irin kunyar surukai ba. Irin wadda mutum ke ji kamar an tuɓe gidansu gaba ɗaya a tsakiyar kasuwa. Na tashi na leƙa zaure na ce Baba ya zo, akuya ta tsinke. Ba mu da akuya. Ya fito, muka tsaya a lungun banɗaki.

"Baba, ka faɗa musu."

"In faɗa musu me?"

"Kai ka binne shi."

"Rufe mini baki. In na faɗa, gobe sojoji za su ce in kai su wurin. Jibi mutanen daji su ce wa ya kawo soja. Kin san abin da suke yi wa infoma? Ke za ki noma dawar da za ku ci? Shi Bagwaren da ya taya ni, kin tambaye shi ko ya shirya mutuwa?"

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya ya faɗa. Ya koma zaure, ina jiyo shi yana ce wa baƙon, "Wallahi, malam, mu dai ƙara muka ji."

Wallahi ya ce. Ubana, da ba ya rantsuwa ko a ciniki.

Da na dawo tsakar gida matar ta miƙe tana gyara mayafi za ta tafi. Inna ta ce ta dakata. Ta matso, ta ɗaga gefen mayafin, ta kwance ɗan kunne ɗaya, ta kwance ɗayan, ta sa mata a tafin hannu ta dunƙule.

"Allah ya jiƙansa. Allah ya ba ki haƙuri, 'yata."

Matar ta koma ta zauna a tabarma. Ba ta yi kuka ba, sai numfashi take ja kamar wadda ta yi gudu. Can ta ce, "An yi masa salla?"

"An yi. Ba a bar shi a fili ba."

"Wa ya yi?"

"Wannan kada ki tambaye ni."

Matar ta ce, "Ni na yarda, Inna. Amma uwar mijina ba za ta yarda da maganar baki ba. Cewa za ta yi na gaji da jira ne."

Ban nemi izinin kowa ba. Na kama bakin ƙyallen na juye kuɓewar a kwarya. Sai a lokacin na dube shi sosai. Duk yauƙi ya bushe a jiki, ga kashin kaji, ga inda toka ta ci gefe ɗaya. Na shiga gogewa da gefen zanena, abin ya ƙi fita. Na ce bari in wanke. Matar ta riƙe hannuna.

"Mene ne wannan?"

"Da shi ya sauko. Ɗaya rabin yana jikinsa."

Ta dubi ƙyallen, ta dubi kwaryar kuɓewa, ta dubi Inna. Da ta zage mu da na ji sauƙi. Ta ninke shi da kanta, a hankali, yadda ake ninke kayan salla, ta tura cikin jaka.

Inna ta ce, "In an tambaye ki inda kika samo fa? Malam yana komawa gonar nan."

"Uwar mijina kawai zan nuna wa. Ko wansa ba zai gani ba sai mun bar garin. In wani ya tambaya, gwanjo ne."

Ta fita, 'yan kunnen na dunƙule a hannunta. Ba ta tambayi inda kabarin yake ba, mu ma ba mu ce za mu nuna ba.

Da la'asar Baba ya shigo ya ga kuɓewa a baje kan tsohon buhu. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki buta ya wuce. Har yau bai tambaya ba, kuma rabon da mu haɗa ido sosai ni da shi, tun ranar nan.