Ranar da Na Kira Sunan Ɗiyata

Shekarun baya, lokacin muna zaune a wani ƙauye kusa da Ollelewa, yayana da ke aikin mushe, wato malamin makaranta, a Tanut ya kawo wa ɗiyata tsarabar littafi. Na dabbobi ne, hotuna manya masu launi, rubutun faransanci kaɗan a ƙasa. Ni aji biyu na yi a lekol aka cire ni, don haka hotunan kawai nake gani. Abin da na fara lura da shi, kowace dabba a ciki murmushi take. Kura na murmushi, kada na murmushi, maciji har da gashin ido kamar amarya.

Ɗiyar nan ita ce ta fari, shekarunta wajen shida. Kun san al'adarmu da ɗan fari: ba ka kiran sunansa, ba ka nuna ka damu da shi a gaban mutane. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Idan ta faɗi sai in kau da kai, in bar uwar mijina ta ɗaga ta, alhali hankalina duk yana wajenta. Mijina ya tafi cirani arewa, ga goyo a bayana, ga ni da tsoro tun asali. Ko tari yaro ya yi sai na tashi zaune.

Littafin nan ya hana ni sakat. Yarinya ta ɗauki aniyar sai ta ga kowace dabba da idonta. Giwa da zaki dai Allah ya rufa asiri, babu su a Damargu. Amma bushiya ta kwana cikin ƙwaryar tatsar nono. Na buɗe tukunya na tarar da hawainiya tana juya mini ido ɗaya. Buzuzu, fara, ƙadangaren da ya bar mata wutsiya ya gudu, duk sai ta aje su gefen shafi ta gwada, ta ce, "Inna, namu ya fi nasu ƙura."

Na kai ƙara wajen uwar mijina, a kaikaice, don ba ya yiwuwa in ce ina tsoron wani abu ya same ta. Na ce, "Iya, yarinyar nan tana ɓata mini kwanuka."

Ta ce, "To wanke su. Ubanta ma da kurege ya yi yarinta, ga shi nan da ƙafafunsa biyu."

Kullum in kakkaɓe tabarma, in duba ƙarƙashin randa, in leƙa cikin takalmi. Na rame a damanar nan, mutane suna cewa shayarwa ce.

Da kaka ta yi, wata safiya na kai wa masu girbi fura a gona, ita tana biye da ni da littafin a hammata. An tara zangarniya ana ɗaurin dami. Wanda ya san gona ya san abin da ke son kwanciya ƙarƙashin tarin hatsi. A shekarar da ta gabata kububuwa ta sari wani maƙwabcinmu, aka ɗora shi a amalanke za a kai shi likita a Tanut, ba su kai rabin hanya ba ya cika.

Ina cikin zuba fura, ga uwar mijina, ga matan gidanmu, ga ƙanen mijina da abokan aikinsa, sai na ji wata ƙara kamar an ɗiga ruwa cikin mai mai zafi. Na waiga. Ɗiyata na tsugune gaban wani tari, littafin a buɗe a ƙasa. Gaba da littafin kaɗan, abar ta naɗe tana goga jikinta. Tsakaninsu bai fi kamu ɗaya ba.

Na san idan na yi ihu yarinyar za ta zabura, in ta zabura an gama. Maza hankalinsu na kan fura, babu wanda ya gani sai ni. Na ce a hankali, "Ke, taso."

Ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Tsaya Inna, wannan ba ya dariya. Bari in duba zanen bayansa."

"Ke, na ce ki taso."

"Yanzu."

Ta saba da "ke" ɗina, kamar kukan kaza ne a kunnenta. Sai na ga ta miƙa hannu za ta juya shafi.

Na kira sunanta. Cikakke, yadda liman ya raɗa mata, da muryar da ban san ina da ita ba. Hannun ya tsaya a sama. Ta juyo da kai a hankali tana kallona kamar baƙuwa, don tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunan nan a bakina ba. Na ce, "Zo wajena. Bar littafin, ja da baya, kada ki yi sauri." Ta ja da baya, ta miƙe, ta taho ba ta ɗauke ido daga fuskata ba. Sai da na damƙe hannunta na iya cewa ƙanen mijina ya zo da hauya.

Bayan an kashe abar an yi ta salati, aka duba ƙafafun yarinya, babu komai. Ni kuwa na zauna kan kunyar gona na rungume ta a gaban kowa. Furar ma ta zube.

Ba a yi sallar azahar ba labari ya zaga gari, kuma ba labarin maciji ba. A bakin rijiya wata ƙawata ta ce, "Su wance an zama nasara, ana kiran ɗan fari da suna a gaban suruka. Gobe sai ki goya ta ki kai ta kasuwa." Na ce, "Ja guganki, kin tsare mana layi." An yi wata guda ana yi mini wannan tsiya. Uwar mijina kuwa sai da muka koma gida ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ashe kin san sunan."

Littafin ban ƙona shi ba, ko da yake na yi niyya. Na zauna da ita muka bi shi shafi shafi. Duk dabbar da na san tana sara ko harbi, na shafa mata tozali a baki har murmushin ya ɓace. Na ce wanda ya zana su bai taɓa ɗaga dami ba. Daga nan aka yi doka: kallo da ido, hannu a baya.

Yanzu tana koleji a Tanut, wai dabbobi take so ta karanta. Na koma "ke" ɗina tun a makon nan, kunya ba ta barin mutum don ya tsorata sau ɗaya. Tsoron ma bai bar ni ba, ya dai tsufa tare da ni. Abin da ke damuna idan na tuna shi ne, da na saba kiranta kullum, da ranar nan ba ta juyo ba. Da kuma na ƙi kira don idon mutane, da yanzu wani labarin nake ba ku. Na rasa wanne zan gode wa.

Ran nan da ta zo hutu ta tambaye ni ko sai ta nemo wata kububuwar kafin in sake faɗin sunanta. Na ce ta tashi ta ɗauko mini ruwa. Da ta fita, na faɗe shi sau ɗaya, a hankali, ni kaɗai a ɗaki.