Malamin da Ke Gayyatar Samarin Jajaye

Yana tsaye a shagon buga takardu na bakin tashar Karaye. Dattijo ne siriri, hularsa ta koɗe, ƙafar tabaransa ɗaure da zare. Daga hirarsa na gane malamin jami'a ne, yana shirya taron bita kan binciken rayuwar matasa, wai a gano abin da ke raba su da gona. Yana riƙe da jerin samarin ƙauyen Jajaye da zai gayyata, yana bin sunayen da yatsa, leɓensa na motsi kamar mai lazimi.

"Malam, ai rabinsu sun tafi cirani Kudu tun da aka cire gyaɗa," in ji mai shagon. "Sai dai kujeru su saurare ka. Af, ɗanka Abdulhadi da shi ma ya tafi can, ya bugo waya kuwa?"

Yatsan ya tsaya.

"Shekara uku ke nan shiru," ya ce, bai ɗago ba.

Ni dai ban yarda neman ilimi ne ya kawo shi ba. Ina zargin labarin ɗansa yake nema a bakin 'ya'yan wasu. Ga shi yana rubuta lambar wayarsa da manyan baƙi a ƙasan takardar gayyatar, yana cewa a buga ɗari uku, a ba direbobin da ke zuwa Kudu su raba a can.