Babban Yatsan Mama Milka

Uwar mijina, Mama Milka, ba ta iya zama ba. Ko a majami'a sai ka ga hannunta yana gyara ɗankwalin wadda ke gabanta. Ta yi aikin dafa abinci a wata makarantar kwana ta 'yan mata a Kafanchan har furfura ta rufe mata kai, sannan ta yi ritaya ta dawo ƙauyenmu kusa da Nok. Mu muka ce hutu ta dawo yi. Ita kuwa ta kama noman citta ba ji ba gani.

Shekarar da aka ce kamfani ne zai riƙa kula da fanshonsu, ba gwamnati ba, gardama ta ɓarke. Baba Azariya, tsohon hedimasta, ya ce an sayar da tsofaffi. Gwamnati ko ta yi jinkiri, ka san ƙofar da za ka je ka yi ihu. Mijina Zamani, da ke aiki a Sabon Tasha yana zuwa gida ƙarshen mako, ya ce ai ihun kawai ake sha, kamfani kuwa yana tsoron a gudu a bar shi. Bayan sujada suke farawa a gindin mangwaro, har tuwo ya huce. Da suka nemi ra'ayin Mama, ta ce tsakanin gwamnatin da kamfanin wa zai zo ya taya ta tsaga citta.

Sai kamfanin ya kira tantancewa: kowane ɗan fansho ya je Kafanchan ya dangwala yatsa a na'ura, a tabbatar yana da rai. Ni na raka ta. Ta dangwala, na'ura ta nuna ja. Ta lashi yatsan ta sake, ja. Aka gwada sauran, duk ja. Ashe wuƙa da zafin citta, da tukwanen makaranta kafin su, sun cinye zanen yatsunta, sun yi sumul kamar bayan cokali. Yarinyar da ke kan na'urar ta ce, cikin ladabi, idan aka rufe tantancewa na'urar ba ta karanta yatsan ba, za a dakatar da fanshon. Shawararta ita ce Mama ta ajiye aiki na 'yan makonni, ta riƙa shafa man kaɗanya.

Wai ta ajiye aiki, a tsakiyar tonon citta! Gaskiya na damu, don da fanshon nan take sayen maganin hawan jini, kuma na san wadda nake zaune da ita.

Na kai kuka wurin Mama Hulda, shugabar zumuntar mata ta majami'armu. Ta raba matan biyu: wasu gona, wasu gadin Mama. Gadin ya fi noman wuya. Mun kama Mama tana shara. Mun kama ta a bayan rumbu tana ɓare gyaɗa a ƙarƙashin zani, tana kallon sama kamar mai addu'a. Daga nan Mama Hulda ta lafta mata man kaɗanya, ta zura mata safar Zamani a hannu biyu.

Haka aka zaunar da ita a kujera a bakin gona, mata na tono suna waƙoƙin zumunta, ita tana aiki da baki: waccan ta sare citta, wannan ba ta kakkaɓe ƙasa ba. Baba Azariya da Zamani sun zo kallo, aka miƙa musu wuƙaƙe. Suka zauna gefe da gefe suna tsaga, suna ci gaba da gardamarsu, kuma ban taɓa ganin gardamar ta yi amfani ba sai ranar. Ni nake ba Mama fura a baki. Wata rana ta dube ni ta ce, "Emilia, ashe haka hutu yake? Akwai daɗi, amma yana sa ciwon baya."

Ranar komawa, rabin zumunta suka bi mu a motar haya. Mama ta cire safa a gaban kowa, ta ɗora babban yatsanta. Na rufe ido. Guɗar Mama Hulda ce ta sanar da ni na'ura ta nuna kore. Mama ta tambayi yarinyar ko yanzu kamfani ya yarda tana da rai, aka ce ya yarda, sai ta taka rawa tun daga ofishin har bakin titi. Ni kuwa ina dariya ina share hawaye. Yarinyar ta biyo mu ta ce a lallaɓa yatsan, don baɗi ma za a sake.

Washegari da safe na leƙa ɗakinta, ba kowa. Na same ta a tsakiyar tulin citta, wuƙa a hannu, babban yatsan a naɗe cikin tsumma, ya miƙe tsaye shi kaɗai. Na buɗe baki zan fara faɗa.

"Yi shiru, 'yata," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Wannan ɗaya na kamfani ne, ina ajiye masu. Sauran tara nawa ne."