Kwana Arba'in da Kaka Ta Roƙa Wa Shamuwa

A gidanmu na unguwar Bulabulin a Maiduguri, tsawon tatsuniya tsawon garwashi ne. Iya Falmata, mahaifiyata, tana tuyar ƙosai a ƙofar gida tun daga la'asar, da shi take ciyar da ni tun bayan rasuwar babana. A shekarun da aka sa dokar hana fita, da an kira magariba sai ta kwaso kaskonta ta shigo, ta juye sauran wutar a gindin tsamiyar da ke tsakar gida. Nan muke zagaye Kaka, ni da 'ya'yan Kawu Modu mata biyu. Ba a ƙara ko tsinke ɗaya saboda hira. In garwashi ya mutu labari ya mutu, ko da kura na tsakiyar magana.

Kaka Bintu ita ta haifi Iya da Kawu Modu, amma har su Kaka suke ce mata, sun ɗauka a bakinmu. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai tsage a kumatu, ga faɗa kamar me. Hausarta a karye take, in ta rasa kalma sai ta tsallaka Kanuri ta dawo, in muka yi dariya ta kai mana duka da mafici. Ni ta fi kai wa, don ni ce mai baki. "Yagana, bakin nan naki wata rana zai ƙone gida," haka take cewa. Ina shekara goma sha ɗaya, ni a wurina yabo ne.

Tsamiyar nan ita ce kaɗai babbar bishiyar da ta rage a layinmu, kuma duk shekara, in zafi ya kai maƙura, shamuwa kan sauka a kanta su yi sheƙa. Kaka tana karɓarsu kamar baƙi daga garinsu. Ta aje musu ruwa a tsohuwar ƙwarya, ta yi musu sannu da hanya, duk yaron da ya ɗaga dutse kuwa ranar zai san Kaka. Kashinsu yana ɓata mana shanya, matar Kawu ta yi mita ta gaji. Kaka ta ce wanda ya kawo maka damina, in ya ɓata maka zane ɗaya ai da sauƙi.

A ranar da suka sauka a waccan shekarar ta ba mu labarinsu. Ta gyara zama, ta tura garwashin wuri ɗaya da kara, ta ce, "Ku rufe baki ku buɗe kunne, ga ta ta iso."

Wai Damina tsohuwa ce makauniya, can kudu take zaune, ba ta san hanyar kowane gari ba. Shamuwa ce 'yar jagorarta. Tana gaba tana kaɗa baki, kaf-kaf-kaf, tsohuwa tana bin ƙarar da tulunta a kai, inda shamuwa ta yi sheƙa nan take sauke tulun. To wata shekara aka yi yunwa, wata mata ɗanta ya kwana uku yana kuka, ta hau bishiya ta kwashe ƙwan shamuwa ta dafa masa. Shamuwa ta dawo ta ga sheƙa wayam, ta tashi ta koma kudu. Da shekara ta zagayo sai ta ja makauniyarta ta bi ta bayan garin ta wuce. Haka shekara ta biyu, haka ta uku. Rijiyoyi suka ƙafe, mutanen gari suka taso matar gaba, suka ce ta je ta ba da haƙuri. Ta bi shamuwa har kudu ta durƙusa. Shamuwa ta ce, ba ni ƙwaina. Matar ta ce suna cikin ɗana. Shamuwa ta ce, to ba ni ɗan.

"Ta ba ta?" in ji ni.

"Ta ba ta mana. Tun kafin ta kai gida ruwa ya goce. Gari ya ci gero ya ƙoshi, ba wanda ya ƙara ambaton sunan matar."

"Wannan ai mugunta ce, Kaka."

"Wa ya ce miki alheri na zo ba ki? Labari na zo ba ki. Ya ƙare, na binne shi a toka, mai so ya tona."

Muka kwanta muna jin motsin shamuwa a saman kanmu. Na ji haushin tsuntsayen nan a daren, na ji tausayin matar, da safe kuma na manta.

A lokacin itace ya zama abin nema a Maiduguri. An haƙa rami an kewaye gari, daji ya koma hannun mutanen daji masu bindiga, motocin da ke kawo itace daga ƙauye suka daina zuwa. Bishiyoyin dogon yaro na bakin titi aka bi su da dare ana yi musu aski har suka zama sanduna. Namiji ba ya fita, in ya fita ko dai su yanka shi, ko a kama shi a shingen sojoji a ce ɗan leƙen asirinsu ne. Saboda haka mata ke fita. Da safe su tsallake ramin da igiya da gammo, da la'asar su dawo da dami a kai, wata rana a dawo cif, wata rana a dawo da giɓi.

Itacen da ya rage mana a bayan ɗakin girki bai fi na mako biyu ba. Kawu Modu ya dawo daga tuƙin kekensa na haya ya tsaya yana kallon tarin, sannan ya ɗaga kai ya kalli tsamiya. Ina zaune ina tsince wake, na ji komai.

"Kaka, a sare ta. Za ta kai mu har lokacin kaka, Falmata ba sai ta fita ba."

"Da ƙwai a kanta?"

"Tsuntsu ne fa, Kaka."

"Ubanka bai taɓa ta ba, kai ba za ka taɓa ta ba. Ku ba su kwana arba'in, su ƙyanƙyashe su yi fiffike su tashi. Bayan nan ka sare reshen da ka ga dama."

"Kwana arba'in ɗin me za mu dafa da shi?"

Iya ce ta raba su. Ta ce ai ga su Ya Kolo maƙwabciyarmu kullum suna fita suna dawowa, ita ma ba gwal ba ce, za ta bi su. Kaka ta yi shiru. Wannan shirun na daɗe ina riƙe da shi a zuciyata, don na san da ta ce kada ki je, Iya ba za ta je ba.

Sau uku Iya ta fita ta dawo, wuyanta a sage, ƙafafunta duk ƙaya, ni ke cire mata da allura. A fita ta huɗu aka yi la'asar, aka yi magariba. Ya Kolo ta shigo ba dami, ba takalmi, ba mayafi, ta zube a gaban Kaka. Ta ce kusa da rami an riga an share komai, har saiwa an tone, shi ya sa suka yi nisa. Ta ce baburan mutanen daji suka ji. Su tsofaffi aka zane su aka ce su koma, matasan aka ware gefe. Ta ce ta waiwaya sau ɗaya ta ga Falmata da gammonta a hannu.

Tana cikin wannan bayani iska ta taso, ƙanshin ƙasa ya cika gidan, sai ga ruwan farko na shekarar, manya-manyan ɗigo a kan kwano. A layinmu yara suka fito suna ihu suna tsalle. Ni kuwa na tsaya a gaban tsohuwar nan, ruwa na dukana, na buɗe bakin nan nawa na ce, "Kaka, kin ba su Iya, ga ruwanki ya zo."

Ba ta ɗaga mafici ba. Da ta doke ni da ya fi mini. Ta dube ni kawai, ta tashi ta shige ɗaki.

Kwana uku Kawu yana yawo daga shinge zuwa shinge, daga asibiti zuwa asibiti, ba labari. A safiya ta huɗu ƙarar sara ta tashe mu. Kaka ce da gatari a gindin tsamiya, ta ɗaure zane a ƙirji, tana sara gatarin na zamewa, don ba ta da ƙarfin da za ta huda ko ɓawon. Kawu ya karɓa, ya kira maza biyu, kafin azahar suka kayar da ita. Sheƙa biyar suka faɗo. 'Ya'yan shamuwan ko gashin kirki ba su yi ba, suna ta buɗe baki a cikin laka, iyayen suna kewaya sama. Ƙaramar 'yar Kawu ta ɗauki ɗaya za ta sa a ƙwarya, Kaka ta buge hannunta ta ce, "Bar shi. Uwarsa ta zo ta nema, ta ji yadda ake ji." Kyanwoyin unguwa suka gama da su kafin yamma.

Da ɗanyen itacen aka yi ta dafa wa masu zuwa jaje abinci, hayaƙi ya ishi kowa, mai kuka da wanda ba ya kuka duk ido ya yi ja. Daga ranar Kaka ba ta ƙara ba da tatsuniya ba. In 'ya'yan Kawu suka roƙa sai ta ce ta manta. Ta yi shekara huɗu a haka tana ba ni abinci, tana yi mini kitso, ba ta taɓa tayar da maganar da na faɗa ba, ni ma ban taɓa ba. Na yi ta cewa gobe zan ba ta haƙuri, har aka ɗauke ta a makara. Iya kuwa har yau ba mu ji ko tana raye ba.

Na girma ina ganin laifin Kaka, sai daga baya na ga ba ƙarya ta faɗa ba. Shamuwa ba su ƙara sauka a layinmu ba, ba su da inda za su sauka. Tsakar gidan nan da muke kwana a inuwa yanzu da rana ba a taka shi ba takalmi. Damina kuma ta koma kamar makauniyar da aka raba da 'yar jagora, wata shekara ta makara har shuka ta ƙone, wata shekara ta juye tulun gaba ɗaya a kan mutane. Kawu ma gaskiya ya faɗa. In na ji masu ilimi a rediyo suna cewa sauyin yanayi ya zo, a daina sare bishiya, nakan yarda da su har zuciyata, sannan in ji ina son in tambaye su uwar wa za ta tsallake rami.

Yanzu sana'ata ginin murhu ne. Wasu mata suka koya mini, murhun laka mai rufaffen ciki da ƙaramar ƙofa, wanda zafin ba ya watsewa kamar na duwatsu uku. Lakar a bakin kogin Ngadda muke ɗiba, cikin gari, ba ka ko hango ramin. Ranar da na gina na farko na kawo shi gida, na aje kusa da kututturen tsamiya, na tara itace daidai tarin da na tuna yana bayan ɗakin girki a waccan shekarar, na mako biyu. Na ce bari in gani. Na yi ta girki da shi, har da tuyar ƙosai da yamma, ina jan layi da gawayi a jikin bango kowace safiya.

Ranar da na sa guntun ƙarshe a wuta na je na ƙirga layukan. Arba'in da biyu ne. Na sake ƙirgawa, ko na yi kuskure. Na zauna a kan kututturen, na ce, "Kaka, ki yafe mini," da ƙarfi, yadda na faɗi waccan maganar da ƙarfi. Matar Kawu ta leƙo daga ɗaki ta tambaye ni da wa nake magana, na ce mata ƙosai ne ke ƙonewa, na tashi na juya.