Ranar da Aka Goge Makin Yayata

Duk lokacin da maƙwabta suka shanya citta, ƙamshin nan mai yaji ya shigo min kicin, sai raina ya ɓaci. Ba da cittar nake fushi ba.

Ajinmu ɗaya da yayata a firamaren ƙauyenmu, kusa da Godogodo, don an makara wajen sa ta a makaranta. Muna aji shida mamarmu ta kwanta ciwo daidai lokacin haƙar citta. Yayata ce ta zauna a gida tana jinya tana tsaga citta, hannunta duk yankan wuƙa, ni kuwa aka bar ni ina zuwa makaranta. Da ta koma, ta faɗi gwajin lissafi.

Ran nan malami ya zo koya mana matsakaici, abin da yake kira abarej. Ya rubuta makin kowa a allo, muka tara jimilla, muka raba da yawanmu. Sai ya ɗauki tsumma ya goge maki mafi ƙanƙanta, ya ce mu sake. Amsa ta hau.

"Kun gani? Mutum ɗaya ke jan aji ƙasa."

Bai kira suna ba, amma duk aji ya waiwayo. Yayata tana gefena a benci. Ku gaya min, a wane gefen allon nan aka rubuta ciwon mamarmu?

Da aka zo rajistar jarrabawar shiga sakandare, hedimasta ya hana ta, wai za ta ɓata wa makaranta matsakaici. Kakarmu ta ɗaura zanen zumuntar matan coci ta tafi ofishinsa, ina biye. Tsohuwar da dattawan coci ke miƙe wa, da idona na ga ta durƙusa gaban tebur.

"Ɗana, bari yarinyar ta gwada. In ta faɗi, faɗuwarta ce."

"Mama, ba za ki gane ba. Lissafi ne."

Ko kujera bai nuna mata ba.

Ni na wuce sakandare a Kafanchan, yayata kuwa ba ta sake shiga aji ba. Ina jin har yau wasu makarantun kuɗi na yin haka, sai dai yanzu da murmushi suke ce wa iyaye su kai yaro wani wuri ya rubuta jarrabawa.

Yanzu yayata tana sayar da doya a kasuwa. Ta ce ta daɗe da yafewa, har dariya take min. Ni ce na kasa. Ran Lahadi in muna Addu'ar Ubangiji, aka kai wajen yafe wa masu laifi, sai bakina ya tsaya, jama'a su wuce su bar ni.