Janar ɗin Sama da Ya Ƙi Ruwa

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Yelwa ya san da abin da kakana, Baba Janar, ke fara safiya. Da an fito masallaci zai tsaya ƙofar gida, ya lashi yatsa, ya ɗaga shi sama, ya murtuke fuska ya ce, "Yau babu ruwa." To, daga nan matan unguwa ke rugawa su kwashe shinkafar da suka shanya. In kuwa ya ce, "Hadari na tafe," sai a baza tabarmi hankali kwance. Ni jikarsa ce, saboda haka ina da izinin yi masa tsiya ko yana kabari.

Wai babban hafsa ne a sojan sama. Shi ke riƙe da rundunar ko-ta-kwana, wato waɗanda ake ajiyewa sai abu ya ɓaci a kira su. Na taɓa tambayarsa, "Baba, yaƙi nawa ka yi?"

Ya ce, "Ke Kofur, mun kasance cikin shiri!"

"An kira ku?"

"Shiri ya fi kira muhimmanci."

Kun ji fa! Shekaru bawan Allah yana shugabancin zaman jira, har da lambobin yabo a ƙirji.

Da ya yi ritaya sai 'yan kabu-kabu suka shiga uku. Ba ya hawa babur sai ya zagaye shi sau biyu, ya matsa taya, ya leƙa tankin mai, ya sa a danna oda. Rannan wani ya gaji ya ce, "Alhaji, kasuwa za ka fa, ba Makka ba!" Baba ya ce, "Matuƙin da bai duba jirginsa ba gawa ne." Daga ranar, in ya fito titi babura watsewa suke kamar an jefa dutse cikin kaji.

Amma babban abin kunyar shi ne ruwa. Mutumin da ya ce ya keta gajimare, kuma haifaffen tsibiri a tsakiyar tafki, ba ya shiga jirgin ruwa! Yakan je bakin ruwa sanye da rigar kariya daga nutsewa mai ruwan lemo, ya tsaya can nesa kan tudu yana koya wa masunta yadda ake tuƙi. Wani tsoho cikinsu ya ce, "Janar, taho ka gwada muna mana." Ya ce, "Ba fannina ba ne."

Yayarsa, Goggo Mairo, tana can tsibirin. Kullum ita ke ƙetarowa ta gan shi, har ƙafa ta gagare ta. Wata safiya saƙonta ya iso: jiki ya yi tsanani, in Audu na son ganinta da rai, ya taho yau. Audu fa, babu wani Janar.

Ya zagaye tsakar gida ya fi sau goma. Ya ce iska ba ta da kyau. Ya ce a nemo helikwafta. Innata ta ce, "Baba, wa za ya ba ka helikwafta? Ko ka tahi, ko ka zauna." Sai ya ɗauko rigunan kariya biyu ya ɗora ɗaya kan ɗaya.

Ni na raka shi. Wallahi tun kafin a tayar da inji ya kwanta rubda ciki tsakanin buhunan albasa, ya riƙe ƙafata kamar zai cire ta. Mai jirgi ya ce, "Ranka ya daɗe, ba mu tashi ba tukuna." Ya ce, "Ka yi aikinka, ina nazarin ƙasan jirgin ne!" Duk addu'ar da ya sani sai da ya karanta, har da ta shiga kasuwa.

Muka isa, muka tarar da Goggo zaune tana cin tuwo da kifi. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Wanga shi ne Janar ɗin? Zazzaɓi ne, ya sauka. Amma da ban ce mutuwa ba, za ka taho?" Ita ta gaya mini cewa ranar da aka fitar da shi daga tsibirin zuwa makaranta yana yaro, kwalekwalensu ya kife, ita ta jawo shi da wuyan riga. Tun daga ranar bai sake taka tsibirin ba.

Da la'asar na ce mu koma. Ya ce, "Kofur, koma ke kaɗai. Na ƙetara sau ɗaya, ya isa."

Muka ɗauka wasa ne. Wata biyar ya yi can, Goggo na ba shi tuwo tana masa faɗa kamar ɗan yaye, shi kuma yana cewa, "To, Yaya." Can ciwo ya same shi, can ya cika, kansa bisa cinyarta. Aka binne shi kusa da mahaifiyarsu.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa. Ya Allah, ka san bawanka da tsoron ƙetarawa. Ranar da ya zo kan siraɗi, ka riƙe masa hannu.